Ƙaunar Kirista ga wanda ba a sani ba: yaya ake yin ta a wannan zamani?

Tambaya: Ni 'yar zumuntar mata ce a wata majami'a a Kaduna. Kullum ana yi mana wa'azi mu ƙaunaci baƙi, amma a wannan zamani na masu garkuwa da mutane da 'yan damfara, yaya mutum zai yi da wanda bai sani ba? Wani ya taɓa zuwa ƙofata da kukan kuɗin mota, na ba shi, bayan 'yan kwanaki na tarar da shi yana yi wa wata irin labarin. Sannan wasu a cikinmu suna cewa taimakonmu na masu bi ne kawai. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Zan fara da maganar ƙarshe, don ita ta fi sauƙin warwarewa. Masu cewa taimako na masu bi ne kaɗai Galatiyawa 6:10 suke riƙewa, amma rabin ayar suke karantawa. Bulus cewa ya yi mu yi wa kowa da kowa alheri, sannan ya ƙara da cewa tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba. Ya faɗi inda za a fara, bai ce a tsaya nan ba. Maganar Yesu a Luka 6:32-34 ta fi wannan zafi: in masu ƙaunarku kaɗai kuke ƙauna, wace lada gare ku, tunda masu zunubi ma haka suke yi? Ku mata kun fi ni sanin biki. Kin kai wa ƙawarki turmin atamfa ranar sunan ɗanta, ranar naki za ta zo da abin da ya fi shi, kowa yana riƙe da lissafi a kai. Ba laifi ba ne, zumunci ne mai kyau. Sai dai a Luka 14:12-14 Yesu ya ce in za ka yi walima ka kira matalauta da guragu da makafi, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ba su da abin da za su rama maka da shi. Baƙo yana cikin wannan sahu, don gobe ba ya nan balle ya rama.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne Luka 10:25-37, labarin Basamariye. Mun saba jin sa tun makarantar Lahadi har ya daina yi mana ciwo. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ba ta kai kilomita 30 ba, amma gangara ce ta sama da mita 1,000, cikin duwatsu da kwazazzabai, maɓoyar 'yan fashi ce da kowa ya sani. Kenan Yesu bai kafa labarinsa a inda ake zaman lafiya ba. Tsoron da kike ji, duk wanda ya bi ta hanyar nan a ranar yana jin irinsa.

A labarin, 'yan fashi sun tuɓe wani matafiyi, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka yar da shi rai a hannun Allah. Da sutura da harshe ake gane ƙabilar mutum, shi kuwa ba riga, ba bakin magana, babu yadda mai wucewa zai san ko nasa ne ko bare. Firist ya gan shi ya ratse, Balawi, mai taimaka wa firistoci a Haikali, shi ma haka. Akan ba su uzuri cewa suna gudun ƙazantuwa da gawa kafin hidimar Haikali, amma Luka ya ce firist ɗin gangarowa yake yi, wato ya riga ya baro Urushalima. Yesu bai nema musu uzuri ba, bai kuma zage su ba. Sun gani, sun wuce, shi ke nan.

Basamariyen ma gani ya yi. Tausayin da ya ji, a rabin aya aka faɗe shi; aikin da tausayin ya haifar shi ya cinye ayoyi biyu cur. Ya matsa kusa, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya ciro dinari biyu, ladan ƙwadagon kwana biyu ke nan in muka auna da Matiyu 20:2, ya miƙa wa mai masaukin ya ce duk abin da ya kashe bayan wannan zai biya in ya dawo. Ya ɗauki bashin da bai san iyakarsa ba saboda mutumin da bai san sunansa ba. Amma ki lura da abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba: da safen nan ya ci gaba da tafiyarsa. Bai watsar da sana'arsa ba, bai kai mutumin gidansa ba. Ya yi abin da zai iya, ya damƙa sauran ga wanda yake da ɗaki da gado. Wannan sauƙi ne babba ga mai zuciya irin taki, domin ba a ce ke kaɗai za ki ɗauki kowa a ka ba.

Sai kuma wanda Yesu ya zaɓa ya zama gwarzon labarin. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa gaba ce ta kaka da kakanni. Fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu Yahudawa sun rushe musu wurin ibadarsu a Dutsen Gerizim. A sura ta 9 ta Luka, dab da wannan labari, wani ƙauyen Samariyawa ya hana Yesu masauki, har Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye su. Daga cikin waɗannan mutane ya ɗauko misali. Wani masanin Attaura ne ya jawo labarin da tambayar wane ne maƙwabcinsa; da Yesu ya tambaye shi wane ne ya zama maƙwabcin mai raunin, bakinsa bai iya furta sunan ƙabilar ba, sai ya ce wanda ya nuna masa jinƙai. In kina ganin wannan labarin nesa ne, ki tuna harin Yunin 2018 a Nghar Yelwa cikin Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato, inda Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, mata a gidansa maza a masallaci, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Bai tambayi kowa ɗarikarsa ba. Duk mai cewa taimakonmu na namu ne kaɗai, ya fara tambayar waɗanda suka fito da rai daga masallacin nan me suke gani.

Tsohon Alkawari ma bai bar wannan al'amari a hannun yadda mutum ya tashi da safe ba, doka ya mai da shi. Littafin Firistoci 19:33-34 ya ce baƙon da ke zaune a cikinku ku ɗauke shi kamar ɗan ƙasa, ku ƙaunace shi kamar kanku, gama ku ma baƙi ne a Masar. A surar dai, aya ta 9 da ta 10, an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf ko komawa ya tsince abin da ya zube. Na matalauci ne da baƙo. Wanda ya tashi a ƙauye ya san kala, ya san roron gyaɗa bayan an kwashe amfani. Rut Bamowabiya da kala ta ciyar da kanta da surukarta a Baitalami. Abin da ya fi burge ni a sura ta 2 ta littafinta shi ne salon Bo'aza. Bai tsai da ita a gaban jama'a ya auna mata hatsi ba. Ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya ce ta sha ruwa daga tulunan ma'aikata, sannan ya umarci masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa da gangan don ta tsinta, kada kuma wanda ya tsawata mata. Ta koma gida da sha'ir mai yawa, a matsayin wadda ta yi aiki da hannunta. Ya ba ta abinci ya bar mata mutuncinta. Ki gwada wannan da rabon kayan tallafi na yanzu, inda ake jera gwauraye a rana, a ɗora musu buhun shinkafa a ka, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Matiyu 6:3 ya ce kada hagunka ta san abin da damanka take yi. Mu kuwa duniya muke sanarwa.

Akwai kuma baƙon da yake cikin gida wanda ba a lissafa shi. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce kada a zalunci ɗan ƙwadago, ɗan ƙasa ne ko baƙo, a biya shi ladansa kafin rana ta faɗi. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke, maigadin da ya zo cirani daga Nijar, mai ga-ruwa da ake ce masa ya dawo gobe, almajirin da ke yi miki shara. A ganina a nan ake fara gwada Kirista. Wadda take riƙe albashin 'yar aikinta wata uku, ta hana ta makaranta, ba ta da bakin zancen ƙaunar baƙi ko da ita ke jagorar ziyarar gidan marayu.

Ikilisiyar farko da wannan aka san ta. A wajen shekara ta 250 annoba ta mamaye daular Rum, mutane suna jefar da 'yan'uwansu a titi tun ba su cika ba. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar da take Tunisiya yanzu, ya tara jama'arsa ya ce su yi jinyar kowa har da masu tsananta musu. A Iskandariya ta Masar Kirista da yawa sun mutu wajen jinyar. A 362 Sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar addinin Kirista yake neman farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist ɗin Galatiya yana kukan cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, ya ba da umarni a gina masaukan baƙi a kowane birni don a yi gogayya da su. Shaidar abokin gaba ke nan. 'Yan shekaru bayan haka, da yunwa ta faɗa wa Kafadokiya a ƙasar da take Turkiyya yanzu, wani shugaban ikilisiya, Basil na Kaisariya, ya sayar da gadonsa ya ciyar da jama'a, daga baya ya gina wani babban wuri a bayan gari mai masaukin matafiya da wurin jinyar marasa lafiya da kutare.

A yankinmu ma haka aikin ya shigo wurare da dama: asibitin Vom a 1922, wurin jinyar kutare na Garkida a 1929, asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a Nijar a 1950. A Kano da Galmi akasarin masu zuwa neman magani Musulmi ne, tun farko har yau. Sai dai a nan akwai gaskiyar da ba za a ɓoye ba. Masu mishan suna fatan mutane su tuba, a wasu wurare kuma an haɗa magani da wa'azi har majinyaci ya rasa gane ko yana da zaɓi. Wannan ya bar zargi a zukatan maƙwabtanmu wanda har yanzu muke fama da shi. Ra'ayina shi ne Kirista ba ya ɓoye bangaskiyarsa, in an tambaye shi dalilin alherinsa ya faɗa, amma ba ya ɗaura sharaɗi a kan tuwo. Yesu ya warkar da kutare goma a Luka 17, ɗaya ne ya dawo godiya, bai kuma janye lafiyar sauran taran ba. A Matiyu 25 ma abin da aka lissafa a ranar shari'a shi ne abinci, ruwa, masauki, sutura, duba marar lafiya da ziyarar ɗan kurkuku. Misali mai kyau na kusa yana Yola. Da Boko Haram suka kama Mubi a ƙarshen 2014, dubban mutane suka sami mafaka a harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi don waɗanda ba su iya komawa garuruwansu ba, ya gina musu majami'a, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Ya sha suka daga wasu Kirista. Ni ina ganin ya karanta Luka 10 daidai.

To, mu zo kan tsoro da damfara. Ba ke kika fara gamuwa da su ba. Akwai wani ɗan littafin koyarwa na ikilisiyar farko mai suna Didake, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. Ya ce a karɓi matafiyi a taimake shi gwargwadon iko, amma kada ya wuce kwana biyu ko uku; in zama zai yi kuma yana da sana'a, ya yi aiki ya ci; in ya ƙi, mai ciniki da sunan Almasihu ne, a yi hankali da shi. Yesu da kansa ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Hankali shi zai nuna miki yadda za ki taimaka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da hankali hujjar daina taimako gaba ɗaya.

Mutumin da ya cuce ki, laifin nasa ne, ba naki ba. Abin da za ki canja shi ne hanya. Mai kukan kuɗin mota, a raka shi tasha a biya kuɗin a hannun direba ko kamasho. Mai takardar magani, a je kantin magani tare da shi. Mai jin yunwa, a zuba masa abinci. Mai buƙata ta gaskiya zai yi murna, ɗan damfara kuwa shi da kansa zai fara kawo dalilai. Duk da haka za a sake cutar ki wata rana, ki sa wannan a lissafi, ki riƙa bayar da abin da in ya salwanta ba zai hana 'ya'yanki cin abinci ba. Maganar kwana kuwa, mace da yara a gida ba dole ba ne ta buɗe wa namijin da ba ta sani ba ƙofa da dare. Ki kira maƙwabta, a sanar da mai unguwa ko fasto, a nema masa wuri a harabar majami'a ko wani masaukin da ido yake kai. Basamariyen ma masauki ya kai nasa.

A kan hanya, in haɗari ne da rana a cikin jama'a, ki tsaya. Abin takaici yanzu shi ne firist da Balawi wucewa kawai suka yi, mu kuwa tsayawa muke mu ɗaga waya muna ɗaukar bidiyo. Da wayar nan za a iya kiran hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122. Mutane suna gudun kai wanda ya ji rauni asibiti don kada a riƙe su da tambayoyi, amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce kada a wahalar da wanda ya kawo shi. Ba ko'ina ake bin su yadda ya kamata ba, shi ya sa ya fi kyau a je mutum biyu ko uku. In kuwa da dare ne a dajin da aka san ana tare hanya, kika ga mutum kwance a titi, ba zan ce direba ya taka birki ba, don an sha yin tarko da haka. A kira waya, a sanar a shingen jami'an tsaro ko gari na gaba, a tabbatar wani ya je. Wannan ya bambanta da wucewa a yi shiru.

In kuna neman inda zumuntarku za ta sa hannu ba tare da wani haɗari ba, ku shiga babban asibiti da la'asar lokacin ziyara. Kowane gado za ku ga kuloli da filas da 'yan'uwa zaune a kan tabarma. Sai ku iske gado ɗaya babu kowa, takardar magani a ninke ƙarƙashin filo tun jiya don ba mai zuwa saye, zanen gadon ya ɓaci ba mai wankewa, an ce a kawo ledar jini biyu ba wanda zai bayar. Sau da yawa matafiyi ne da haɗari ya rutsa da shi, ko ɗan cirani da danginsa ba su ma san yana kwance ba. A asibitocinmu wanda ba shi da mai jinya ya shiga uku. Ku tambayi nas mai kula da ɗakin, ta san su ɗaya bayan ɗaya. Wani abin da yake buƙata bai wuce a ara masa waya ya kira gida ba. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma Yakubu 2:15-16 ya ce in ka sallami mai yunwa da fatan alheri ba ka ba shi abin da jikinsa ke bukata ba, me ka yi? A kai fuskar, a kai tabarmar. Haka gidajen gyaran hali: mafi yawan waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, wasu kuma 'yar tara ce ta gagare su biya.

Irin wannan aiki ba ya ɗorewa a hannun mutum ɗaya, yana son tsari. Ku ware wani kaso na baikonku don baƙi, a rubuta shiga da fita, mutum biyu su riƙe, a karanta wa kowa lissafi. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su musa ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenawa gare su, alamar daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko su. Ku ma in 'yan gudun hijira kuke taimako, ku sa ɗaya ko biyu daga cikin matansu a cikin masu rabon. Su suka san wadda take kwana da yunwa kunya ta hana ta fitowa, su suka san wadda take karɓa sau biyu.